Ajin Turanci na Dare a Agege: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Saƙo guda ɗaya da wata mata ta turo mini ta WhatsApp shi ne ya mayar da ni aji da furfura a gemuna. Ni dillalin albasa da tattasai ne a kasuwar Mile 12, kuma cikin wuraren da nake kai wa kaya akwai wani gidan abinci a Ikeja wanda wannan matar take kula da sayayyarsa. Wata Asabar motar da muke jira daga Aliero ta lalace bayan ta wuce Jebba, ni kuma na shagala da neman direban a waya har dare ya raba ban sanar da ita halin da ake ciki ba. Da gari ya waye sai na tarar da saƙonta, “Any supplier worth his salt would have called me last night.” Na karanta shi sau uku, kuma babu kalmar da ban sani ba a cikinsa, domin na gama sakandare a Funtuwa, Turancin buroka na Legas kuwa ya fi shekara 20 a bakina, amma na kasa gane abin da ya kawo gishiri cikin zancen albasa. Na mayar mata da amsa cikin ladabi cewa ni ba na harkar gishiri, amma idan tana buƙata zan haɗa ta da mai sayarwa. Yaron da ke riƙe mana littafin lissafi ne ya ga amsar daga baya, ya yi dariya har ya dafa buhu, sannan ya shaida mini cewa faɗa matar ta yi mini, ba oda ta bayar ba.

Wannan kunyar ce ta sa na nemi ajin manya, kuma yanzu da na kammala zangon farko na wata uku ina ganin ya kamata in faɗi abin da na gani, saboda 'yan kasuwa da yawa suna tambaya ta ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Ajin yana kusa da Zango a nan Agege, a cikin wata makarantar firamare ta kuɗi wadda masu shirin suke karɓar hayar ɗakunanta da dare. Ana zama sau uku a mako, Litinin da Laraba da Alhamis, daga bayan sallar Isha'i zuwa wajen goma saura kwata. Mu 23 muka fara, muka ƙare mu 16. Akwai mahauta daga mayankar Oko-Oba, akwai 'yan canji biyu, akwai direbobin tirela waɗanda zuwansu ya danganta da ranar da suka samu fitowa daga Apapa, akwai kuma masu gadi, cikinsu har da wani dattijo tsohon soja wanda kowa ke kira Baba. Kuɗin wata bai kai abin da nake kashewa a katin waya da data ba, kodayake akwai kuɗin takardun darasi da aka ɗora mana daban, wanda zan dawo kansa. Malamin da aka ba mu Bahaushe ne haifaffen Agege, yana koyarwa a wata sakandare da rana, yana jin Yarabanci kamar Hausa, kuma duk abin da zan yaba a wannan rubutu kusan nasa ne shi kaɗai.

A mako na biyar aka shiga salon magana, wato jimlolin da ma'anarsu ba ta fitowa daga tara ma'anar kalmominsu, sai na cire kunya na nuna masa saƙon matar. Ya kwafe shi a allo, ya ja layi ƙarƙashin kalmomi ukun da suka ruɗa ni, ya juyo ya tambaye ni, “Alhaji, idan ka kai wa tela shadda mai tsada ya yanka ba tare da ya auna ka ba, me za ka ce a kansa?” Na ce zan ce ai duk telan da ya amsa sunansa sai ya yi awo kafin ya ɗauki almakashi. Ya ce to na riga na fassara saƙon da bakina, domin “worth his salt” ba komai ba ne illa wanda ya amsa sunansa, wanda ya san aikinsa gwargwadon da ladan da ake biyan sa ya halatta gare shi. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ɗaya daga cikin mahautan ya ce ashe dai Turawa ma sun iya gugar zana.

Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya a ma'ana ba, domin ma'ana kowa zai iya samu a ƙamus. Ya kwashe sauran daren yana nuna mana mazaunin wannan magana a cikin jimla, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya haddace Turanci da wanda ya zauna da shi. Ya ce mafi yawan lokuta maganar tana zuwa ne da siga guda, a fara da “any” ko “no”, a kawo sunan mai sana'a, a ɗora “worth his salt”, sannan a faɗi abin da irin wannan mutum zai yi ko ba zai yi ba. Wakilin sunan da ke tsakiya yana bin wanda ake magana a kansa, namiji “his”, mace “her”, jama'a ko wanda ba a fayyace jinsinsa ba “their”. Ya kuma jawo hankalinmu ga “would have called” da matar ta rubuta, ya ce wannan sigar aikatau tana nuna abin da ya kamata a yi amma ba a yi ba, saboda haka jimlar duka, ko da yake ba ta ambaci sunana ba, tana cewa ne ni ban amsa sunana dillali ba a wannan daren. Na ji zafin maganar a karo na biyu, wata biyu bayan an faɗe ta, kuma wannan karon a gaban mutum goma sha.

Sai ya kawo wata ƙa'ida wadda ban ga an rubuta ta a takardun da aka sayar mana ba, kuma ita ce ta fi amfani a wurina. Ya ce wannan magana ma'auni ne na mafi ƙarancin abin da ake tsammani daga mai sana'a, ba kirarin gwani ba ce. Wanda aka ce ya kai gishirinsa an ce ne bai ci kuɗin mutane a banza ba, ba a ce ya fi sa'o'insa ba. Don haka ya gargaɗe mu da kada wani ya je ya dubi maigidansa ko babban kwastoma ya ce masa “you are worth your salt” da nufin yabo, domin mai sauraro zai ji kamar an ɗora shi a sikeli an auna an ga ya cika da ƙyar, kuma ƙarami ba ya auna babba. Haka nan mutum ba ya cika faɗin ta a kan kansa. Ya ce mu gwada namu misalan. Mahaucin nan ya kawo jimla a kan cewa duk mahaucin da ya amsa sunansa yana wasa wuƙarsa tun kafin asuba, aka karɓa aka tafa masa. Ɗan canji ya ce dalar da ke hannunsa “is worth its salt”, malam ya girgiza kai, ya bayyana cewa maganar ta mutane ce da ake sani da aikinsu, kamar likita da lauya da makanike, wani lokaci kuma a ara wa abin da ke yi wa mutane hidima kamar jarida ko ƙamus, amma ba a faɗin ta a kan kuɗi ko buhun albasa, wanda shi sai dai a ce ya kai farashinsa.

Inda malamin ya yi tuntuɓe shi ne wajen ba da asalin maganar. Ya faɗa mana, kamar abin da babu shakka a cikinsa, cewa sojojin daular Rum da gishiri ake biyan su albashi, don haka sojan da bai yi aikinsa ba sai a ce bai cancanci gishirinsa ba. Labarin ya shige mu nan take, kuma dalilin shigarsa a fili yake, domin Bahaushe ba ya buƙatar a gaya masa darajar gishiri. Kakanninmu sun ga ayarin raƙuman Buzaye suna saukowa da kantun gishiri daga Bilma suna komawa da gero da tufafi, matafiyin nan Ibn Batuta da ya ratsa garin Tagaza na cikin hamadar Sahara a 1352 ya tarar da gidaje da masallaci an gina su da gishiri, ya kuma ba da labarin yadda mutanen ƙasashen baƙar fata na Afirka ta Yamma ke ciniki da gutsattsarinsa kamar yadda ake yi da zinariya da azurfa, a ƙasar Habasha kuwa an daɗe ana amfani da sandunan gishiri da ake kira amole a matsayin kuɗi. Wanda ya san wannan duka ba zai yi gardama ba idan aka ce masa an taɓa biyan soja da gishiri.

Ɗan ƙanena da ke karatun tarihi a Jami'ar Legas da ke Akoka shi ne ya warware mini zancen da ya zo hutun ƙarshen mako. Abin da ya tabbata shi ne kalmar Turanci ta albashi, “salary”, ta samo asali daga kalmar Latin “salarium”, ita kuma tana da dangantaka da “sal”, wato gishiri, kuma marubucin nan na Rum mai suna Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambaci wannan dangantaka a babban littafinsa kan halittu. Akwai ma tsohuwar hanya da ta fita daga birnin Rum mai suna Via Salaria, wato hanyar gishiri. Sai dai babu wani tsohon rubutu na Romawa da ya ce an ɗebi gishiri an miƙa wa soja a matsayin albashi, kuɗin ƙarfe ake biyan su, kuma sunan albashin soja a wurinsu “stipendium” ne. Ita kanta maganar “worth his salt” sai a farkon ƙarni na 19 ta fara bayyana a rubuce cikin Turanci, fiye da shekara dubu bayan rushewar daular Rum ta yamma.

Na yi jinkirin kai wa malam wannan gyara, saboda ba tarbiyyarmu ba ce ɗalibi ya ƙure malami, ko da ɗalibin ya girme shi. Na same shi a waje bayan an tashi, na faɗa masa a hankali. Ya ce zai bincika, kuma ranar Laraba da ya shigo, kafin ya buɗe darasi, ya shaida wa aji cewa Alhaji ya kawo gyara kuma gyaran daidai ne. Daga nan ya mayar da kuskuren nasa darasi, ya rubuta “take it with a pinch of salt” a allo, ya ce haka Bature yake faɗi idan yana so a saurari labari amma kada a gaskata shi duka. Sannan ya nuna mana wani abu da har yau nake tunawa idan ina sauraron direbobi suna ba da labarin hanya, wato mu a Hausa mai ba da labari ne yake ƙara gishiri, a Turanci kuwa mai sauraro ne yake ɗibar nasa ɗan gishirin don ya iya haɗiye abin da aka ba shi. Malamin da zai tsaya a gaban mahauta da masu gadi ya ce na yi kuskure, a ganina, ya fi wanda bai taɓa kuskure a gabansu ba saboda bai taɓa fita daga abin da ke cikin takarda ba.

Sauran maganganun da suka shafi cancanta an bi su da sauri, kuma biyu daga cikinsu ba su ba mu wahala ba. “Earn your stripes” Baba tsohon soja ne ya fassara ta kafin malam ya buɗe baki, ya ce ai igiya ce, las kofur ɗaya, kofur biyu, saje uku, kuma ba a ɗinka wa mutum ita a hannun riga sai ya sha rana, don haka ana faɗin ta ga duk wanda ya samu matsayi bayan ya nuna ƙwazonsa a aikace. “Give credit where credit is due” kuwa yabon gwani ya zama dole ce, sai dai malam ya ƙara da cewa Turawa sun fi faɗin ta idan za su yabi wanda ba su saba yabo ba, ko wanda suke da wani ƙorafi a kansa, kamar yadda mutum zai ce wane yana da tsada amma gaskiya kayansa ba su da algus.

Ta ukun ce ta tona asirin takardun darasi. An tilasta wa kowa sayen wani ɗan kundi da masu shirin suka buga a shagon kwamfuta, hoton kwafi ne da tawadarsa ta kusa ƙarewa, wasu shafukan sai an kara su da hasken waya ake karantawa. A ciki an rubuta “just desserts” da harafin s guda biyu, kuma da muka duba ƙamus na waya sai ya ba mu kayan zaƙin da ake ci bayan abinci, har wani ya tambaya ko alawa ce ladan wanda ya yi abin kirki. Malam ya ce mu soke harafi ɗaya da biro. Ya bayyana cewa kalmomi uku ne suke kama da juna, akwai “desert” ta hamada wadda ake danna gaɓarta ta farko, akwai “dessert” ta kayan zaƙi, akwai kuma tsohuwar kalma “desert” mai nufin abin da mutum ya cancanta, wadda ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci kuma 'yar'uwar “deserve” ce. Wannan ta ukun ita ce a cikin maganar, ana rubuta ta kamar hamada, ana furta ta kamar kayan zaƙi, shi ya sa ko Turawan kansu suke yawan kuskuren rubuta ta. Game da amfani da ita, ya ce ko da yake asalinta ya haɗa sakamako mai kyau da mummuna, a yau kusan kullum hukunci ake nufi, irin abin da muke cewa alhaki kuikuiyo ne, mai shi yake bi. Wani matashi mai gadi ya dafe kai, ya ce saura kaɗan ya tura wa ogansa wannan magana don taya shi murnar ƙarin girma, domin a takardar an fassara ta da samun abin da mutum ya cancanta, ba a ƙara komai ba. Na ƙirga kurakurai irin wannan har 9 a cikin kundin, kuma da na kai ƙorafi ofis sai aka ce za a gyara a bugu na gaba, amma ba a ce za a musanya mana namu ba.

Akwai wasu matsalolin da ya kamata mai niyyar shiga ya sani. Bencinan na yaran firamare ne, babban mutum idan ya zauna awa ɗaya da rabi gwiwoyinsa suna tokare da tebur, sai ya tashi da ƙyar. Idan aka ɗauke wuta, wanda yakan faru aƙalla sau ɗaya a mako, ana tayar da ƙaramin janareta a bakin taga, ƙararsa kuma tana cinye furucin da muka zo koyo. An haɗa wanda ya gama sakandare da wanda bai daɗe da iya haɗa baƙi ba a aji ɗaya, saboda haka ko dai a ja wasu da gudu ko a tsayar da wasu suna hamma, kuma ina zaton wannan ne ya kori mafi yawan mutum 7 ɗin da suka daina zuwa. Aikin gida yakan yi mako biyu kafin a dawo da shi, abin da ban ɗora wa malamin laifinsa duka ba, tunda mutum ɗaya ne yake koyarwa da rana ya kuma zo ya koyar da dare. Sau biyu cunkoson motoci ya hana shi isowa, aka sallame mu, ba a kuma rama darussan ba. Rasit ma sai wanda ya matsa ake ba shi.

Wanda bai iya karatun boko ba sam, wannan aji ba nasa ba ne, gara ya nemi ajin yaƙi da jahilci tukuna. Wanda kuma yake shirin jarrabawa zai ga ana ɓata masa lokaci da hirar kasuwa. Amma ɗan kasuwa ko ma'aikacin da yake karanta Turanci yana gane kalmomi, sai dai abin da ke ƙarƙashinsu yana kuɓuce masa, musamman a saƙonnin kwastomomi da wasiƙun ofis inda ake naɗe faɗa cikin ladabi, zai amfana ƙwarai, muddin wannan malamin ne zai koyar da shi. Ina ba da shawarar mutum ya tambayi wanda zai riƙe ajin kafin ya biya, ya kuma nemi a bar shi ya zauna dare ɗaya ya saurara, domin an yarda da haka idan aka roƙa.

A watan jiya wata motar ta sake makalewa, wannan karon kusa da Ogbomosho, na kira matar Ikeja da ƙarfe goma sha ɗaya na dare na gaya mata, na kuma samo mata buhu huɗu a wurin maƙwabcina don ta fara aiki da safe. Ta turo saƙon godiya mai layi biyu, kuma na gane shi duka a karatu ɗaya. Na biya kuɗin zango na biyu a makon da ya wuce, na tsaya har aka rubuta mini rasit, sannan na sayi kujerar roba wadda nake ajiyewa a wurin mai shayin da ke bakin ƙofar makarantar, ina ɗauka idan zan shiga aji.